Silverchair: daga jita mai gurnani zuwa gogen Turawa, ci gaba ne ko barin gida?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai na ce sai na kawo ta nan. Daren jiya zafi ya hana ni barci, ga babu wuta, sai na fito tsakar gida na shimfiɗa tabarma, na maƙala abin ji a kunne na saurari kundin waƙoƙin Diorama na ƙungiyar Silverchair daga farko har ƙarshe. Rabona da in ji shi a jere haka ya fi shekara goma. Kafin waƙar farko ta ƙare na tashi zaune.

Ga wanda bai san su ba, samari uku ne daga garin Niyukasil na Ostareliya: Daniel Johns mai waƙa da jita, Ben Gillies mai ganga, sai Chris Joannou mai jitar bas. Dukkansu haihuwar 1979 ne. A 1994 suka ci wata gasa da gidan talabijin na SBS da gidan rediyon Triple J suka shirya, waƙarsu Tomorrow ta yi mako shida tana kan gaba a ƙasarsu. Lokacin da kundinsu na farko, Frogstomp, ya fito a 1995, shekarunsu 15, suna sakandare. Cikin kwana tara aka naɗe shi. Kiɗan giranj ne zalla, irin na mutanen birnin Siyatil na Amurka: jita tana gurnani kamar janareto ya ɗauki kaya, ganga ana jibgarta kamar da gayya, mai waƙa yana tono murya daga ƙasan maƙogwaro.

Shekara bakwai bayan nan, a 2002, sai ga Diorama da fiyano da gogen Turawa da ƙahonin busa, muryar yaron, wato Daniel, ta koma sama, siririya. Abokan da muka taso muna jin su tare, da yawa a nan suka raba gari da su. Ni dai ga ra'ayina, kuma a kansa nake so a tattauna: Frogstomp rigar aro ce. Diorama ne karo na farko da yaron ya ɗinka tasa.

Kabiru Mai Jita:
Wa alaikumus salam. Yaya, ina ganin girmanka, amma wannan magana ba za ta wuce haka ba. Idan rigar Siyatil aro ce, ta Van Dyke Parks fa? Dattijon da ya yi aiki da Brian Wilson na Beach Boys tun shekarun 1960, shi aka ɗauko daga Amurka ya zo ya tsara kiɗan gogen a waƙoƙi uku na Diorama. Wato an tuɓe aro ɗaya an sa wani aron wanda ya fi tsada, shi ke nan. Frogstomp kuwa, duk abin da ka ji a ciki hannun yaran nan uku ne ya kaɗa shi. Ba a yi hayar kowa ya rufa musu asiri ba.

Ni da wannan kundin na koyi jita. Wata tsohuwar jita ce mai tsirkiya biyar, ta shida ta tsinke ban samu ta canji ba sai bayan wata uku. Ina mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare, in ji wuri ɗaya sau ashirin har yatsuna su kama. Abin da ya sa na iya koya shi ne kiɗan bai fi ƙarfin yaro ba. Yana gaya maka cewa kai ma za ka iya. Diorama ba ya gaya wa kowa haka. Ka ji shi sai ka ajiye jitarka ka naɗe hannu.

Baban Hanifa:
Ƙanina, ban raina Frogstomp ba, ni ma da shi na fara. Wani ɗan uwanmu ne ya dawo daga karatu a waje ya kawo kaset ɗin, mai hoton koren kwaɗo a jiki, muka yi ta kwafarsa a ɗakin kwanan ɗalibai har sautin ya dusashe. Amma ka faɗi gaskiya, idan aka kunna wa wanda bai sani ba, ba zai ce Pearl Jam na Siyatil ba ne? Har tsokanarsu jaridu suka riƙa yi suna ce musu Nirvana masu kayan barci, wato ƙananan yara masu kwaikwayon babbar ƙungiyar giranj ta Nirvana. Zanen aro ba ya rufe katara.

Nafisa A.:
Sannunku da hira. Kawu Baban Hanifa, bari in sa baki tunda a garin nasu nake karatu yanzu. Kafin in zo ban ma san su ba, sai da wata mata da muke aiki tare ta ji ni baƙuwa ce ta ce, to idan ina so in san Niyukasil in saurari Silverchair.

Abin da nake so Yaya Kabiru ya sani shi ne garin nan ba garin 'yan gayu ba ne. Garin ma'aikata ne. Idan ka tsaya a bakin teku a unguwar Merewether, inda yaran suka taso, za ka hango jiragen ruwa sun yi layi can nesa suna jiran a loda musu kwal. Akwai katafariyar masana'antar ƙarfe ta BHP da ta ciyar da gidaje masu yawa, aka rufe ta a 1999. Matar nan ta gaya mini a zamanin ƙuruciyarsu namiji a garin ƙwallo da hawan igiyar ruwa aka san shi da su. To ka ɗauki yaro siriri mai dogon gashi, wanda duniya ta san fuskarsa yana ɗan shekara 15, kuma da safe dole ya sa kayan makaranta ya shiga aji da sauran yara. Daniel da kansa ya sha faɗa cewa ya sha tsangwama har da duka a gari. A irin wannan wuri, ihu da jita mai gurnani shi ne abin da za a yarda namiji ya yi. Zama gaban fiyano ka yi waƙa da siririyar murya, wannan ne ke buƙatar ƙarfin hali.

Kabiru Mai Jita:
Na ji ki ƙanwata, kuma na ƙaru. Amma ƙarfin hali daban, daɗin kiɗa daban.

Malam Ilu:
Ku yi haƙuri da ni, ni ɗan zamanin Shata ne, 'ya'yana ne suka sa ni a wannan zaure. Wai shi gogen Turawan da kuke ta faɗa, mutum nawa ne ke goga shi a lokaci ɗaya? Kuma me zai hana a haɗa shi da jitar ba tare da an rage mata ƙarfi ba? A wurinmu ai mai goge yana yi, masu ƙwarya suna duka, ba wanda ya danne wani.

Abba Situdiyo:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, wannan tambaya taka ita ce gindin maganar. Ni aikina ke nan, haɗa sauti, bari in yi bayani yadda na fahimta.

A irin wannan ƙungiya da suke kira okestira, masu goge ba ɗaya ba ne, sukan kai gommai. Akwai ƙananan goge da ake ɗorawa a kafaɗa, akwai manya da ake jinginawa tsakanin ƙafafu, akwai wani ƙato da sai a tsaye ake goga shi. Ga masu sarewa da masu ƙaho. Kowa da takarda a gabansa, abin da aka rubuta masa shi zai kaɗa, ba ƙari ba ragi.

Matsalar ita ce, ita jitar giranj ana bi da sautinta ne ta wata na'ura da ke dagula shi da gangan, ya kumbura ya yi kauri. Idan ya kumbura sai ya cika tsakiyar sauti gaba ɗaya, daidai inda goge da muryar mutum suke zama. Kamar ɗaki ne guda, ka shigo da ƙaton gado, sannan ka ce za ka jera kujeru goma sha biyu. Dole wani abu ya fita. Ƙwarya ba ta yi wa goge haka saboda ita bugu ɗaya take yi ta yi shiru, ta bar masa fili. Jita mai gurnani ba ta yin shiru.

Saboda haka idan mutane suka ce Silverchair sun yi laushi, wani ɓangare na laushin tilas ne. Ka zaɓi goge, ka zaɓi ka matsar da jita gefe. Kuma ku lura da wanda suka ɗauko ya yi aikin tare da Daniel: David Bottrill, mutumin da ya yi aiki da ƙungiyar Tool. Ba mai tsoron kiɗa mai nauyi ba ne. A cikin Diorama ɗin ma akwai One Way Mule da The Lever, ku saurare su ku gaya mini ina laushin yake.

Kabiru Mai Jita:
Waɗannan biyun su kaɗai nake iya ji a kundin, Abba. Kuma ko su, kamar an sa su ne don a rarrashe mu.

Malam Ilu:
Na gode ɗana, yanzu na gane. Ashe rigimar wurin zama ce.

Ɗan Baiwa:
Ni fa duk wannan dogon bayani ban yarda da shi ba. Kuɗi ne kawai. Giranj ya mutu bayan rasuwar Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, a 1994, kasuwa ta watse, kowa ya kama gabansa. Suka ga idan ba su sassauta ba gidajen rediyo ba za su sa su ba. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja.

Baban Hanifa:
A'a Ɗan Baiwa, nan kam lissafi bai goyi bayanka ba. A Amurka, inda babbar kasuwar take, Frogstomp ya kai na 9 a jerin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa, aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Diorama a na 91 ya tsaya. Wanda kuɗi yake nema ba ya barin rumfar da ake layi ya koma wadda ba kowa. A shekarun nan kuwa kiɗa mai nauyi bai mutu ba, sabon salo kawai ya ɗauka, su Korn da Limp Bizkit da Linkin Park suna ta kwasar kasuwa. Da Silverchair sun ƙara wa jita nauyi sun bi wannan ayari, da sun fi samu. A watan Janairun 2001 sun yi wasa a Rock in Rio na Barazil gaban mutum wajen 250,000. Daga wannan dandali yaron ya koma gida ya zauna gaban fiyano, kayan kiɗan da bai ma ƙware a kansa ba, yana rubuta waƙoƙin da ya san rabin mutanen can ba za su so ba. A gida Ostareliya ne kawai aka riƙe su hannu bibbiyu, don duka kundinsu biyar sun hau na ɗaya a can.

Anti Murja:
Tun ɗazu nake karantawa ina wurin aiki, sai yanzu na samu sarari. Kuna ta maganar riga da kasuwa, kun tsallake 1999, alhali a can abin ya faro.

Kundinsu na uku, Neon Ballroom, nake nufi. Waƙar da ta buɗe shi, Emotion Sickness, minti shida ce, da makaɗan okestira na Sidni, da David Helfgott a kan fiyano, mutumin da shi kansa ya yi shekaru yana fama da taɓin hankali kafin ya dawo dandali. Ba a banza aka zaɓe shi ba. A lokacin Daniel yana cikin baƙin ciki mai tsanani da cutar ƙin cin abinci, ya kulle kansa a gida, yana rubuta waƙoƙin a matsayin baitoci kafin a sa musu kiɗa. Ya fito fili ya faɗa, har da waƙa guda a kan cutar, Ana's Song. A wancan zamani ba ka cika jin namiji, mawaƙin rok kuma, ya ce yana da wannan ciwo ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma ba a asibiti na fara ganin wannan cuta ba, a gidanmu ne. 'Yar yayata ce, tana aji biyar. Za a zuba mata tuwo ta ɗauka ta shiga ɗaki, bayan awa ɗaya ka tarar da kwanon a bayan ƙofa, miya ta daskare a kai, ta yi masa rami ɗaya da cokali don a ce ta taɓa. Ta riƙa sa riga biyu don kada a ga ƙasusuwan wuyanta. Aka ce sammu ne, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Kuma abin da ba zan manta ba, yarinyar ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ciwon ba mai ihu ba ne. Shiru ne da shi, da ladabi, da "na ƙoshi Anti". Alhamdu lillahi ta samu sauƙi, yanzu har da ɗanta.

Shi ya sa da na ji waƙar nan ta farko, yadda goge ke hawa a hankali yana matse ƙirji, fiyano yana zubowa kamar an ɓarar da tsakuwa, na ce wanda ya yi wannan ya san abin daga ciki. Kabiru, akwai ciwon da jita mai gurnani za ta iya faɗa, fushin ɗan shekara 15 ne, kuma gaskiya ne. Amma akwai wanda ba za ta iya ba. Yaron ya girma, ciwonsa ya canja kama, dole ya nemi bakin da zai faɗe shi.

Nafisa A.:
Allah ya ƙara mata lafiya Anti. Jikina ya yi sanyi.

Kabiru Mai Jita:
Amin. Anti, ba ni da ja a kan Neon Ballroom, ina son sa. A can an yi adalci, goge yana nan, jita tana nan, kowa da haƙƙinsa. Kuma tunda ana tone-tone, tun a kundinsu na biyu, Freak Show na 1997, sun fara, akwai Cemetery mai goge, akwai wata ma da suka sa kayan kiɗan Indiya, sita da tabla. Ban taɓa cewa kada su gwada sabon abu ba.

Ga inda nawa ciwon yake. A Frogstomp, Ben mai ganga yana cikin waɗanda suka rubuta waƙoƙi da yawa, shi da Daniel. Kafin a zo Diorama, Daniel kaɗai ke rubutawa. To ina ƙungiya? Abokai uku da suka fara tun suna 'yan shekara goma sha biyu a gida, sun koma mutum ɗaya da ma'aikatansa biyu. Ka saurari Across the Night, waƙar farko a Diorama, ka gaya mini me Chris yake yi a ciki da wani ɗan haya ba zai yi ba. Idan Yaya ya ce yaron ya ɗinka rigarsa, na yarda, amma shi kaɗai ta ishe shi. Sauran biyun a waje aka bar su.

Ni na san wannan abin a jikina. Mun yi ƙungiya mu huɗu a Jos, shekara shida muna tare, muna atisaye a garejin gidan su mai gangarmu. Ranar da mai waƙarmu ya samu kwamfuta ya gane zai iya haɗa komai shi kaɗai, daga ranar muka zama baƙi. Ba faɗa aka yi ba. Kiran waya ne ya riƙa raguwa har ya ɗauke.

Baban Hanifa:
Wannan kam ka taɓo inda ba ni da amsa mai ƙarfi. Gaskiya ne, bayan Young Modern na 2007 ba su sake fitar da kundi ba, a 2011 suka sanar da cewa sun jingine ƙungiyar, har yau ba su dawo ba. Ben da Chris sun fitar da littafin tarihinsu su biyu a 2023, ba tare da Daniel ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai tabo.

Amma Kabiru, me kake so ya yi? Ya ji kiɗa a kansa wanda ya fi ƙarfin mutum uku, sai ya danne shi don kada abokai su ji babu daɗi? An ce ya riga ya rubuta waƙoƙi takwas, ya ga sun yi kama da na baya, ya goge su gaba ɗaya ya sake sabon lale. Mutumin da zai iya yi wa aikinsa haka ba zai tsaya don kunyar kowa ba. Kuma game da Van Dyke Parks da ka kawo, tela daban, mai riga daban. Waƙoƙin da karinsu da yadda suke juyawa daga wannan hawa zuwa wancan, duk Daniel ya zo da su. Dattijon ado ya yi musu. A Frogstomp kuwa har yadda ake buɗe baki a ja murya na wani ne.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina bin ku a hankali. Mu nan muna da misalin da ya bi hanyar a juye. Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu, kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da muryar nan ta na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, mutane suna tura wa juna ta waya. Daga baya ya koma jitar lantarki mai ƙara har Turawa suka san shi da ita. A 2024 ya fitar da kundi mai zafi ƙwarai, sai a 2025 ya sake fitar da waƙoƙin nan dai amma da jitar katako, a hankali. Sun naɗe shi ne a Amurka lokacin da juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da su a can ba su iya komowa gida ba. Waƙa ɗaya, kalmomi ɗaya, amma na farkon fushi ne, na biyun kewa ce. Ban ji wanda ya ce ya ci amanar kowa ba. Me ya sa su Silverchair ake musu wannan hukunci?

Abba Situdiyo:
Saboda giranj ba kiɗa ne kawai ba a wurin masu shi, kamar aƙida ce. An gina shi ne a kan ƙin ƙyale-ƙyale, tsohuwar riga, sauti mai datti, kada ka nuna ka iya da yawa. To okestira kuwa ita ce ƙarshen ƙyale-ƙyale a idonsu, kiɗan masu kwat da manyan zaure. Amma abin da mutane ke mantawa, su kansu iyayen gidan sun yi. A watan Nuwamban 1993 Nirvana suka zauna suka yi wasan MTV Unplugged, ba gurnani, ga wata mata Lori Goldston tana goga babban goge a gefe. Alice in Chains suka fitar da Jar of Flies a 1994, mai sanyi, har da goge a ciki, ya hau na ɗaya a Amurka. Ba wanda ya kore su daga gida.

Kabiru Mai Jita:
Bambancin a fili yake Abba. Goge ɗaya a gefe yana taya mutum kuka, daban yake da gommai sun cika ɗaki. Na Nirvana ragewa suka yi har ya zama saura ƙashi. Na Silverchair ƙarawa suka yi har ba ka ganin ƙashin. Kuma ka faɗa wa jama'a gaskiya, da suka fita yawon wasa ai ba su iya ɗaukar okestira ba, masu fiyanon lantarki suka ƙara suna kwaikwayon sautin. Kiɗan da ba za ka iya kaɗa shi da hannunka a gaban mutane ba, ni ina da shakka a kansa.

Anti Murja:
Yawon wasan ma ai bai yiwu a kan lokaci ba. Kundin na fitowa a 2002 ciwon gaɓoɓi ya kwantar da Daniel, irin wanda ke biyo bayan wata cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki ta juya ta far wa gaɓoɓi. Gwiwa da idon sawu su kumbura, wani ko tsayuwa ba ya iyawa, balle riƙe jita. Aka soke wasanni, sai a 2003 suka fita. Don haka Baban Hanifa, na 91 ɗin da ka kawo, ba laifin goge kaɗai ba ne. Kundin da mai shi ke kwance ba wanda zai tallata shi.

Baban Hanifa:
Haka ne Anti, na karɓi gyara.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni zaune daren jiya, don shi ne asalin abin da ya sa na buɗe maganar. A kundayen farko uku duhu ne, yaro yana cewa ku ƙyale ni, ina jin zafi. Diorama ne karo na farko da na ji yana ƙoƙarin yin murna. Ba murnar wanda bai san komai ba, ta wanda ya tashi daga jinya ya fito ƙofar gida ya ga rana. Akwai wurin da kiɗan ke tsayawa cak a tsakiyar waƙar farko, ya sauya taki gaba ɗaya kamar an buɗe wata ƙofa a cikin ɗaki, goge su ɗauka su yi sama. Ina ɗan shekara ashirin da wani abu na ji shi na ce wannan wane irin shirme ne. Jiya, da 'ya'ya huɗu suna barci a ɗaki, da abubuwan da na binne a shekarun nan, sai na ji hawaye. Kiɗan bai canja ba tun 2002.

Malam Ilu:
Ni ban san waɗannan yara ba, amma abin da Kabiru ya faɗa na abokai ya tsaya mini a rai. Shata da kalangu ya fara, da kalangu ya gama, makaɗansa da 'yan amshinsa suna bayansa. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa, bai ɗauki kowa ba balle ya ajiye shi. Kowanne ya san irin tafiyar da zai yi tun farko. Su waɗannan tun ba su mallaki hankalinsu ba aka ɗaura musu tafiya tare, kafin a san wane ne mai doguwar ƙafa. Ban ga laifin wanda ya yi gaba ba, kuma ban ga laifin waɗanda suka ji ciwo ba. Abba, turo mini waƙar nan mai minti shida da Murja ta ambata, ina so in ji yadda gommai za su goga abu ɗaya ba su sarƙe ba.

Abba Situdiyo:
An gama Baba, zan nuna maka inda za ka same ta. Ka sa abin ji a kunne, kada ka saurara ta lasifikar waya, manyan gogen ba sa fitowa a nan.

Kabiru Mai Jita:
Na je na yi la'asar na dawo, na ɗauko jita na kunna Tuna in the Brine ta cikin Diorama, tunda ita ce kowa ke yabo. Ra'ayina a kan ƙungiyar yana nan inda yake, Yaya, an bar mutum biyu a baya kuma ba zan daina faɗa ba. Amma na yi kusan awa ɗaya ina neman inda waƙar ta sa ƙafa, duk inda na zaci za ta sauka sai ta sauka wani wuri, kuma idan ta sauka sai ka ji can ne daidai. Na cire gogen a raina na bar muryar da jita kawai, waƙar ta tsaya da ƙafarta. Wannan ban zata ba. Akwai wani juyi wajen tsakiya da har yanzu ban kama shi ba.

Abba Situdiyo:
Yaya Kabiru, idan za ka shigo Kano ranar Asabar ka zo da jitar situdiyo, mu zauna mu warware juyin tare a kan fiyano. Akwai wani dattijo mai kukuma da zai zo naɗar wani aiki da azahar. Na daɗe ina so in ji abin da zai faru idan aka rage wa jita gurnani rabi aka bar masa tsakiyar.

Kabiru Mai Jita:
Zan shigo motar safe in sha Allah. Amma rabi ya yi yawa, mu fara da kashi ɗaya cikin uku.